Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Masu Tantance Manya Kan Tawahhud: Ku Auna Baki Daban, Ku Auna Hankali Daban

Zuwa ga likitocin ƙwaƙwalwa, masana halayyar ɗan Adam da ƙwararrun gyaran magana da ke tantance manya a Makka, Jidda da Madina, musamman 'ya'yanmu Hausawa da Allah ya ɗaukaka a wannan fage.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya tare da iyalanku, ina yi muku sannu da aiki. Muna ganin dandazon da ke jiran ku kullum a bakin ƙofa, kuma ba mu raina ƙoƙarinku ba. Allah ya saka muku da alheri.

Ni malamar hadda ce a ajin mata, haifaffiyar Makka. Kakanninmu ta ƙasa suka zo aikin Hajji daga Kano, suka ratsa Chadi da Sudan, suka tsallako Bahar Maliya, Allah ya ƙaddara musu zama. Ina magana ne da yawun wasu iyalai Hausawa da muke haɗuwa a zaure ɗaya na WhatsApp. A cikinmu akwai masu katin ɗan ƙasa, akwai masu igama. Abin da ya haɗa mu shi ne kowane gida yana da baligi, ɗa ko ƙani ko miji, wani lokaci ma ita kanta mai maganar, wanda ake zaton yana da abin da ake kira tawahhud a nan, otizim a bakin Turawa. A kafafen labarai na Hausa nakan ji ana cewa galahanga, amma mu mun fi sakewa da tawahhud, domin waccan kalma tana yi wa iyaye nauyi a kunne. Da gangan na rubuto da Hausa, saboda harshe rabin kokenmu ne. Ina roƙon 'yan'uwanmu da ke cikinku su isar da saƙon ga abokan aikinsu da Larabci.

Ga abin da ya tunzura ni. A cikin wata guda aka rufe fayil biyu na mutanen gidanmu. Na farko na ƙanena ne, ɗan shekara 34. Kwamitin da ya duba shi ya rubuta cewa yana da naƙasar hankali, bai ambaci tawahhud ba ko sau ɗaya. Na biyu na 'yar ƙanwar mahaifiyarmu ne, mai shekara 29, wadda ta yi karatu har jami'a. Ita da murmushi aka sallame ta, aka ce mai zuba magana kamarta ba ta da wannan lalura, damuwa ce kawai, ta sha magani ta huta. Ba zan ambaci asibiti ko sunan kowa ba, domin ba ƙarar mutum na kawo ba. Da na ajiye takardun biyu kusa da juna sai na ga da mudu ɗaya aka auna su, wato baki. Wanda bakinsa ya yi nauyi an ce hankalinsa ya gaza, wadda bakinta ya buɗe an ce lafiyarta ƙalau. Da na kai labarin zaurenmu, uwa bayan uwa ta ce ɗaya daga cikin biyun nan ne ya sami gidanta.

Kokenmu na farko shi ne lamba ɗaya tak da ake rubutawa a rahoto.

Kun fi ni sanin gwajin Wechsler na auna basirar manya, wanda kuke kira WAIS. Ni dole ce ta sa na koyi yadda yake. Bugunsa na huɗu, na shekarar 2008, sashe huɗu gare shi. Akwai fahimtar magana, inda ake tambayar ma'anar kalmomi da ta inda abu kaza ya yi kama da abu kaza. Akwai tunani da ido da hannu, inda ake jera 'yan dunƙulayen katako masu ja da fari su ba da wani zane, ko a cike gurbin da aka bari a jerin zane-zane. Akwai riƙe abu a ka, wato maimaita lambobin da aka karanto da lissafin baka. Sai saurin aiki, kwafe alamomi da fensir agogo yana tafiya. A ƙarshe a haɗa su a fitar da jimla, wadda tsakiyarta 100 ce, in ta sauka wajen 70 ko ƙasa a fara maganar naƙasar hankali. To ku duba da kyau. Uku daga cikin huɗun nan ta kunne da baki suke bi, ko ta agogo. Ko jeren katakon ma da agogo ake yin sa.

Ƙanena mutum ne da in ka tambaye shi abu sai ya yi shiru kamar bai ji ba. Sai ka fidda rai sannan amsar ta fito, gajeriya, daidai. Mu a gida mun saba, jira muke yi. Wanda bai san shi ba sai ya sake tambayar da wasu kalmomi don ya taimake shi, alhali duk sake tambaya tamkar an rushe masa ginin da ya fara ne, dole ya koma tushe. Ranar gwajin mun shafe awa uku a ɗakin jira, fitilu suna ta ƙugi a sama, lasifika tana kiran lamba. Kafin a kai kansa ya riga ya toshe kunnuwansa da hannu yana jijjiga jiki. Aka shiga da shi a haka, cikin ƙasa da awa ɗaya aka gama.

Shi wannan mutumin shekararsa 15 yana gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, da injin wanki a shagon kawunmu. In zafin Makka ya tsananta mutane suka yi layi da na'urorinsu, shi ake jira. Yana jin ƙarar injin zai nuna inda ciwon yake. Kawu yakan ce zai buɗe na'urar da bai taɓa gani ba, ya jera kusoshinta a kan kwali bi da bi, ya mayar da su ba tare da ko ɗaya ta rage ba. Da na matsa aka nuna mini takardar maki, sai na ga a sashen katako da zane ya kai inda yawancin mutane suke, sauran ukun ne suka ja shi ƙasa. Amma rahoton da aka buga wa hatimi jimlar kaɗai ya ɗauka. Tela ba ya haɗa awon wuya da na hannu ya raba biyu ya ce ga awon mai riga. In ya yi haka, rigar ba za ta shiga kowa ba.

Wannan rata ba a gidanmu aka fara ganin ta ba. A shekarar 2007 wasu masu bincike a Montreal ta ƙasar Kanada, cikinsu har da Michelle Dawson, wadda ita kanta mai tawahhud ce, da Laurent Mottron, sun gwada masu tawahhud da Wechsler, suka kuma gwada su da gwajin Raven. Shi Raven, wanda ya fito tun 1938, zane 60 ne, kowanne da gurbi, mutum ya nuna guntun da ya dace. Ba ya buƙatar a buɗe baki, kuma ana iya yin sa ba tare da agogo ba. Idan aka jera mutum 100 bisa makinsu, yaran masu tawahhud sun haura da kimanin matsayi 30 a Raven fiye da inda Wechsler ya ajiye su, wasu ma fiye da 70. An ga ratar a wajen manyansu ma, amma ba a gan ta haka a wajen waɗanda ba su da tawahhud ba. Kuma Raven ba baƙo ba ne a ƙasar nan, domin tun shekarun 1970 Farfesa Fu'ad Abu Haɗab da abokan aikinsa suka daidaita shi a kan mutanen Saudiyya a nan Makka.

Kundin da kuke aiki da shi ma haka ya ce. DSM-5 na 2013, kundin tantance lalurorin ƙwaƙwalwa na likitocin Amurka, ya bayyana cewa basirar mai tawahhud takan zo da tudu da kwari, don haka wajibi ne a ƙiyasta ƙarfin magana daban da ƙarfin da ba na magana ba, ya kuma kawo misalin gwajin da ba shi da agogo ga wanda maganarsa kaɗan ce. Kundin ICD-11 na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya fara aiki a 2022, tambaya biyu yake so a amsa wa duk wanda aka tabbatar yana da tawahhud: shin akwai naƙasar hankali tare da shi, sannan yaya maganarsa ta yau da kullum take. Tambaya biyu ce, kowace da amsarta. Kuma ko ita naƙasar hankalin ba a yanke ta da maki kaɗai, sai an duba yadda mutum yake tafiyar da rayuwarsa. Babu wanda ya tambaye mu ko ƙanena yana zuwa aiki shi kaɗai, ko yana riƙe kuɗinsa, ko yana sallarsa a kan lokaci.

Don kada a ce mun rufe ido, mun san akwai masu tawahhud da suke da naƙasar hankali da gaske, a cikin zaurenmu ma akwai su, kuma iyayensu ba sa jin kunyar faɗa. Mun san Raven ba maganin komai ba ne. Ratar ta fi fitowa ga waɗanda maganarsu ta yi jinkiri tun ƙuruciya, kuma wanda bai saba da takarda da fensir ba yana iya faɗuwa a gwajin zane ma. Abin da muke so shi ne a gano gaskiyar kowane mutum, ko da ba ta yi mana daɗi ba.

Akwai kuma wani ciwo da ya shafi marasa magana sosai. An ƙiyasta cewa tsakanin kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na yara masu tawahhud kalmominsu 'yan kaɗan ne ko babu, kuma waɗannan yara girma suke yi. Gwajin lura da hali na ADOS-2, wanda ya fito a 2012, an kasa shi ne bisa ƙarfin magana. Kashi na huɗu na manya ne masu zuba zance, na farko da na biyu kuwa kayan wasan yara ne a cikinsu. Wata uwa a cikinmu ta ce ɗanta mai shekara 40, da gemunsa, aka miƙa masa 'yar tsana, ya kawar da kai, aka rubuta bai ba da haɗin kai ba. Ta ce ita ma da ita ce kawar da kai za ta yi. Masu bincike sun riga sun gyara waɗannan kashi domin su dace da manya. Muna roƙon a nemo.

Kokenmu na biyu harshe ne.

Bahaushen Makka da harshe uku yake rayuwa. Da Hausa uwarsa ta yi masa rarrashi. Da Larabcin Hijaz yake ciniki a kasuwa. Fusha kuwa, wato Larabcin littafi, ta makaranta ce da mumbari da labaran talabijin. Gwajin da kuke amfani da shi da Ingilishi aka ƙirƙire shi, aka fassara shi zuwa Larabci, aka daidaita makinsa a kan mutanen da Larabci ne harshen uwarsu. Sai a zaunar da wanda ya bar makaranta a aji huɗu, ko wanda rashin takardu ya hana shi shiga aji gaba ɗaya, ko wanda ya zo ƙasar nan yana babba, a tambaye shi ma'anar wata kalmar fusha da bai taɓa ji ba. Ya kasa, a rubuta sifili. A nan me aka auna? Shekarun da ya yi a makaranta aka auna. Har maimaita lambobi ma ya fi sauƙi da harshen da mutum yake ƙirga kuɗi a zuciyarsa. Ƙanena da Hausa yake ƙirge, sai ya juya abin da aka faɗa masa, ya riƙe, ya sake juyawa, alhali ɗan'uwansa Balarabe maimaitawa kawai zai yi.

In aka ga abin ya cije sai a ce wa wanda ya rako shi ya yi tafinta. Ni na yi, kuma na san ban yi daidai ba. 'Yar'uwa ba ta iya ganin ƙaninta yana laluben kalma ta yi shiru. Sai ta ƙarasa masa, ta gyara, ta sassauta tambayar. Sannan abin da likita ya fi buƙatar ji, wato baƙuwar hanyar da yake jera magana, yadda yake maimaita jimlar da aka faɗa masa, yadda yake kiran kansa da sunansa maimakon ya ce ni, duk sai ya narke a bakin mai fassara, domin kunya ba za ta bar ni in fassara shi yadda ya fito ba.

Na uku, kuma shi ya fi ci mini rai, shi ne wadda ta iya magana.

'Yar'uwata mai shekara 29 ɗin nan tun tana shekara huɗu take magana da fusha tsantsa, irin ta zane mai motsi na talabijin, kafin ta iya haɗa jimla da Hausa ko Larabcin unguwa. Baƙi su yi ta mamaki, a ce wannan malama za a yi. Daga baya na ji cewa a 2019 an wallafa bincike kan wasu yara masu tawahhud a Tunisiya da suka ɗauki fusha daga talabijin kamar haka. Ta haddace Alƙur'ani da wuri. Gaisuwa kuwa ba a magana: ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya muka ji da zafi, za ta jero su ba tuntuɓe. Ina so ku lura da wannan, ku da kuka san al'adarmu. Gaisuwar Bahaushe a tsare take, kowace tambaya da amsarta, ana iya haddace ta kamar karatu. Mai tawahhud mai kaifin hadda zai yi minti biyar yana gaisawa da likita lafiya lau, likita ya ce wannan ai ya iya mu'amala. Sai gaisuwa ta ƙare, zance ya shiga inda ba a haddace ba, a nan ake ganin wahalar. Ganawar minti goma sha biyar ba ta kaiwa can.

Akwai wani ruɗani a kalmar da kuke amfani da ita. In kun ce abin da ba na baki ba, abu biyu ne mabambanta. Akwai tunani da zane da siffa, irin wanda ƙanena ya ƙware a kai. Akwai kuma maganar jiki, wato ido da fuska da ishara da sautin murya. Mutum yana iya zama gwani a na farko ya gaza a na biyu, yana kuma iya zama sarkin kalmomi ya kasa karanta fuska. Mu kuwa Hausawa rabin zancenmu a nan yake. Muna cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Uwa da ƙifta ido take korar yaro daga gaban baƙi. Harara magana ce, tsaki magana ne, shiru ma magana ce. Ga habaici, ga gatse. Ranar da uwar mijinta ta shigo ta same ta zaune da littafi ta ce mata, “Ci gaba da hutawarki, mu bayi sai mu shiga kicin,” 'yar'uwata ta ce to, na gode, ta ci gaba da karatu. Wallahi har ranta ta ɗauka alheri aka yi mata. Aka ce ba ta da kunya, aka ce raini ne, aka ce miskila ce. Auren bai kai shekara biyu ba.

Tun daga lokacin take zama da dare tana rubuta abin da za ta faɗa gobe, tana kallon madubi tana gwada fuskar da ta dace da ta'aziyya da wadda ta dace da suna. In ta dawo daga biki sai ta kwana biyu a ɗaki mai duhu ba ta son ko motsin cokali. Wannan ɓoye hali sananne ne a wajenku, kuma DSM-5 da kansa ya ce dabarun da mutum ya koya yana babba suna iya rufe alamomin, ko kuma alamomin su ƙi bayyana sai nauyin mu'amala ya fi ƙarfinsa. An daɗe ana cewa maza huɗu ne ga mace ɗaya, sai wani nazari na 2017 da ya tattara bincike masu yawa ya nuna abin ya fi kusa da uku ga ɗaya, wato akwai matan da ake tsallakewa. Ita ba ta zo neman kuɗi ba. So take ta san sunan abin da take fama da shi tun tana yarinya, ta daina ɗaukar kanta a matsayin muguwa. Aka ba ta maganin damuwa, wanda ba mu ce ba ta buƙata ba, aka bar tushen.

Na huɗu gajere ne. Haɗa ido yana cikin abin da kuke lura da shi. Ɗan Hausa mai tarbiyya ba ya zuba wa babba ido, mace ba ta kallon baƙon namiji ido cikin ido, addini ma ya yi umarni da runtse gani. Don haka sunkuyar da kai a gabanku ba hujja ba ce, kuma kada a ce ai al'adarsu ce a wuce. Ku tambaye mu yadda yake da ƙannensa da abokan wasansa, waɗanda ba kunya tsakaninsu. A nan bambancin yake fitowa.

Haka batun ƙuruciya. Tawahhud da shi ake tashi, shi ya sa tambayoyin ADI-R da ake yi wa iyaye suke komawa ga yadda mutum yake yana ɗan shekara huɗu zuwa biyar. Mahaifiyarmu tana zaune a waje ranar gwajin ƙanena. Ta san watan da ya fara cewa Inna, ta san yadda yake jera murafen kwalba a tsakar gida ya yi kuka in an taɓa ɗaya, ta san bai taɓa nuna mata jirgin sama da yatsa ba kamar sauran 'ya'yanta. Larabcinta bai wuce na kasuwa ba, sai aka ce ba sai ta shigo ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mu ma muna da namu laifin, ba zan ɓoye ba. Mun daɗe muna cewa iska ce, sammu ne, ko mu ce bawan Allah ne a ƙyale shi. Muna ɓoye su saboda kada a ƙi auren 'yan'uwansu. Addu'a ba mu bar ta ba kuma ba za mu bari ba, amma jinkirinmu ne ya sa da yawa ba su zo gabanku ba sai da furfura ta fara fitowa. Shi ya sa in iyali suka yi ta maza suka kawo babban mutum, kuskuren rana ɗaya yake mayar da su gida su ƙi dawowa har abada.

Takardar da kuke sa wa hannu ba a aljihun tebur take tsayawa ba. Da ita ake rajistar naƙasa, da ita ake neman tallafi da gurbin koyon sana'a. Dokar ƙwadago ta ƙasar nan ta ɗora wa mai ma'aikata 25 ko fiye ɗaukar masu naƙasa kashi 4 cikin 100 in yanayin aikin ya ba da dama, kuma a tsarin Niɗaƙat, mai ƙirga yawan 'yan ƙasa a ma'aikatu, ɗan ƙasa mai naƙasa ɗaya ana iya ƙirga shi a matsayin huɗu. Ƙofa ce a buɗe, amma rahoto ne yake faɗin irin aikin da za a ba mutum. Wanda aka rubuta wa naƙasar hankali ba za a miƙa masa na'ura ya gyara ba. Irin wannan rahoto yana iya kaiwa gaban alƙali a nemi hana mutum juya dukiyarsa, kuma a gidajen da ake rabon gado kun san abin da hakan ke nufi. Wadda aka ce ba ta da komai kuwa ba ta da hujjar neman a sassauta mata a wajen aiki, ko da a ba ta umarni a rubuce ne ko a matsar da teburinta daga hayaniya. Saudiyya ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa a 2008, wadda ta ɗauki rubutu da ishara da na'urorin taimakon magana a matsayin hanyoyin sadarwa cikakku. An kafa hukumar kula da masu naƙasa a 2018, an kuma fitar da sabuwar dokar haƙƙinsu a 2023. Muna godiya da wannan, muna so ya iso cikin ɗakin gwaji.

Saboda haka ga abin da muke roƙo.

Duk babban da aka kawo da zaton tawahhud, a rubuta makin kowane sashe daban a cikin rahoton da za a ba iyali da hukuma. In rata ta yi yawa tsakanin sassan, a faɗa ƙarara cewa jimlar ba ta wakiltar mutumin. Wanda maganarsa kaɗan ce, ko Larabci ba harshen uwarsa ba ne, a ƙara masa gwajin da ba ya buƙatar baki, kamar Raven ko Leiter, kafin a rubuta masa naƙasar hankali, a kuma tambayi yadda yake rayuwa a gida da wajen aiki.

A rubuta a saman kowane rahoto harshen da aka yi gwajin da shi, harshen gidan mutumin, da ajin da ya tsaya a makaranta. Layi uku ne, ba sa cin kuɗi. A samar da tafintan Hausa da aka horar, wanda ba dangi ba, aka kuma koya masa ya faɗi magana yadda ta fito ba tare da gyara ba. 'Ya'yanmu masu jin harsunan biyu suna nan birjik a asibitocinku, ma'aikatan jinya ne, masu haɗa magani ne, ɗalibai ne. Ku da kuke cikinsu, don Allah kada ku ji nauyin cewa kun iya Hausa. Kalma ɗaya daga bakinku tana iya kwance harshen wanda ya ƙulle.

A bar mutum ya amsa da rubutu, ko da waya, ko da nuni, in hakan ya fi masa. In an yi tambaya a jira. A ba su lokacin farko na safe, ko wuri mai shiru su zauna, in ya gaji a raba gwajin kwana biyu.

Kada iya magana ko digiri ko aure su zama dalilin rufe fayil. A tambayi mai zuba zance abin da zancen yake ci mata, da yadda take kwana bayan taro. Mace ta samu damar ganin likita mace in ta nema.

A shigo da uwa, ko goggo, ko yayar da ta goya shi, a saurare ta da harshenta. Kuma a buɗe hanya bayyananniya ta neman sake duba rahoto, a gaya wa iyali ita tun ranar da aka miƙa musu takarda, domin ni sai da na yi ta bin ofis-ofis kafin wani bawan Allah ya nuna mini inda ake shigar da buƙatar.

Mun shigar da ta ƙanena, muna jiran a sa mana rana. In ta zo zan taho da mahaifiyarmu da kawunmu mai shago, wannan karon kuma ba zan yi tafinta ba. Iyalan zaurenmu a shirye suke su zauna da duk wanda ya so a cikinku, a Makka ko a Jidda, mu kawo rahotannin da ke hannunmu bayan mun shafe sunaye, ku duba da idonku.

Allah ya taimake ku a kan amanar da ke wuyanku. Wassalamu alaikum.

'Yar'uwarku,
Yayar wani mai gyaran mukayyif, a madadin iyalan zaurenmu,
Makka.